Siririn abin ado ba ya ɓoye aibu: amsa ga mai son haɗa kyautar biki da hannunta

Tambaya: Anti, barka da aiki. Bukukuwa sun matso, saura kamar sati shida, kuma bana ina so in haɗa wa 'yan'uwa da ƙawaye, mutum goma haka, 'yan sarƙoƙi da 'yan kunne da hannuna, irin siraran nan marasa hayaniya. Sau ɗaya na taɓa gwadawa, na zura duwatsu a zaren roba, kwana uku ya tsinke. Me zan saya, da me zan fara, kuma yaya zan yi kada abin ya fito kamar wasan yara?

Amsa: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Sati shida ya ishe ki har da saura, muddin ba ki ƙarar da sati biyun farko wajen tara kayan da ba za ki taɓa su ba. Amma bari in faɗa miki abin da masu fara wannan aiki ba su cika sani ba: siririn abin ado ya fi babba wuyar yi. Sarƙa mai duwatsu ɗari, in kika yi kuskure a wuri ɗaya, sauran casa'in da tara za su rufa miki asiri. Siririyar sarƙa mai ɗan dutse guda a tsakiya kuwa, wuraren haɗinta ba su wuce huɗu ko biyar ba, kuma kai tsaye ido yake sauka a kansu. Abu biyu ne ke raba aikin gwani da wasan yaran da kike tsoro: irin ƙarfen da zai kwanta a fatar mutum, da yadda aka rufe kowane haɗi. Launi da tsari, waɗanda su ne ke fara jan hankalin mai koyo, suna zuwa ne daga baya.

Saboda haka kada ki ƙudura yi wa mutum goma abu goma daban-daban. Zaɓi samfuri biyu, sarƙar wuya ɗaya da 'yan kunne ɗaya, ki yi ta maimaita su kina canza launin dutse kawai. Hannu ta maimaici yake koyo. Na bakwai zai fi na farko kyau nesa ba kusa ba, har ki ji kina son warware na farkon ki sake, kuma daidai ne ki sake shi.

Mu fara da ƙarfe, don nan ne kuɗinki ya kamata su tafi. Abin da ake kira mai ruwan gwal, wato ƙarfen da aka tsoma aka lulluɓe shi da zinariya ta hanyar lantarki, kaurin zinariyar da ke kansa sau da yawa bai kai maikiron ɗaya ba, kuma maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Gumi da turare da gogar tufa kan cinye wannan ɗan ruwan, ƙarfen ƙasa ya bayyana, sarƙar ta dishe. Ranar da aka buɗe kyautar za ta yi ƙyalli, bayan 'yan watanni ta koma ƙasan akwati. Akwai wani nau'in kuma da za ki ga an buga masa hatimin 14/20 GF. Shi zinariya mai karat 14 ce aka manna ta da zafi da matsi a kan tagulla, kuma nauyinta kashi ɗaya ne cikin ashirin na nauyin abin gaba ɗaya, wato kashi 5 cikin ɗari. Yana shekaru a jiki bai sake launi ba. Sai azurfa mai hatimin 925, wadda kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, ragowar 7.5 galibi jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ta yi ƙwari, domin tsantsar azurfa ta cika laushi. Waɗannan biyun nake ba da shawara ga duk abin da za a yi kyauta da shi. Kada tsadar su ta firgita ki. Siririn abu ba ya cin kaya, wayar da za ta ishe ki dutse guda ba ta wuce santimita shida ba. Araha ba ta ado, kuma a wannan aikin ma bambancin kuɗin bai kai yadda ake zato ba.

In aljihu bai kai ga duka ba, to aƙalla ƙugiyar 'yan kunne, wadda ke shiga cikin hujin kunne, ta zama mai kyau. Dalili shi ne nikel, wani farin ƙarfe da ake cakuɗawa cikin kayan ado masu araha, kuma yana sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo wa fata ƙaiƙayi da ja da ƙuraje. Matsalar ta kai Tarayyar Turai ta yi masa doka tun 1994. A yau abin da ke daɗewa a kan fata ba a yarda ya saki fiye da maikirogiram 0.5 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace murabba'in santimita cikin sati guda ba, na cikin huji kuwa 0.2 ne iyakarsa. Ni da kaina na taɓa ba wata 'yar'uwata 'yan kunne da na haɗa da ƙugiyar da ban san asalin ƙarfenta ba, a farkon shigata wannan sana'a. Kwana biyu kunnenta ya kumbura, kuma ta yi shiru ba ta faɗa mini ba sai da na gani da idona, don kada ta ɓata mini rai. Wannan shirun shi ya fi damuna. Wanda aka yi wa kyauta ba ya kawo ƙara, saboda haka nauyin bincike a kan mai bayarwa yake. Rubutun da ake yi a jikin leda cewa abu ba ya sa ƙaiƙayi ba hujja ba ne, ki nemi a faɗa miki sunan ƙarfen. Ga wadda kika san fatarta ba ta son wargi, titaniyom ko niyobiyom sun fi kwanciyar hankali. Ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316L yana da nikel a cikinsa, sai dai kaɗan yake saki, yawancin mutane suna sa shi lafiya, amma ba kowa ba. Tagulla da jan ƙarfe kan bar kore a fata idan sun haɗu da gumi. Wannan koren ba ciwo ba ne, yana wankuwa, sai dai ba abin da za ki so a tuna kyautarki da shi ba ne. Ki kuma guji 'yan ƙarafan ado na zubi masu nauyi da ba a san inda aka ƙera su ba, don an sha samun dalma da kadmiyom, ƙarafa masu guba, a irinsu.

Kayan aiki uku ne kawai: filaya mai zagayen baki don lanƙwasa waya, filaya mai siririn baki wadda cikinta sumul yake ba haƙora, da ƙaramin abin yanka waya wanda gefensa ɗaya a shafe yake. Filayar masu gyaran wuta mai haƙora za ta yi wa azurfa tabo tun a riƙon farko. In da hali ki sayi mai siririn bakin guda biyu, za ki ga amfaninsu wajen zoben haɗi. Ki ƙara da magagari mai laushi da tef na awo. Shi ke nan.

Waya kuma da geji ake auna ta, kuma lissafinta a juye yake: lamba na hawa, waya na sirancewa. Geji 20 kusan milimita 0.8 ne, shi ake yin ƙugiyar kunne da shi. Geji 22 kusan 0.6, geji 24 kusan 0.5, geji 26 kusan 0.4. Don irin aikin da kike so, 24 shi ne abokin tafiyarki, 26 kuma na duwatsu masu ƙanƙanin huji. Ana sayar da ita mai laushi sosai ko mai matsakaicin tauri, ki ɗauki mai matsakaicin taurin don ta riƙe siffar da kika ba ta. Akwai wata ɗabi'a ta ƙarfe da ya kamata ki sani tun yanzu: duk lanƙwasar da kika yi masa, yana ƙara tauri a wurin. Da farko wannan alheri ne, shi ke sa haɗi ya tsaya. Amma in kika lanƙwasa kika miƙe, kika sake lanƙwasawa a wuri ɗaya sau uku ko huɗu, wurin ya gaji, zai karye, in ba a hannunki ba to a wuyan mai shi. Idan haɗi ya ɓaci, yanke shi ki ɗauki sabuwar waya. Kada ki lallaɓa.

Yanzu ga abin da nake so ki ba shi satinki na farko gaba ɗaya: naɗaɗɗen ido. Shi ne ɗan kewayen da ake yi a kan waya don rataya dutse, sannan a naɗe wutsiyar wayar a wuyansa yadda ba zai taɓa buɗewa ba. Akwai ido mara naɗi, wanda ake lanƙwasawa a bari haka, ya fi sauri, amma a siririyar waya kamar geji 24 da an ja shi kaɗan zai wangale. Don haka naɗaɗɗen za ki koya.

Ki zura dutsen a waya mai kai irin na ƙusa. Ki kama wayar da ƙarshen filaya mai siririn baki daidai saman dutsen, ki tura wayar da yatsa ta kwanta gefe a kan filayar, ta yi kusurwa. Wannan ɗan tsakanin da bakin filayar ya bari, kamar milimita biyu, shi ne wuyan da naɗin zai zauna. Sai ki ɗauki mai zagayen baki ki kama wayar daidai bayan kusurwar, ki ɗago wutsiyar ki zagaya da ita ta saman bakin filayar har ta kalli ƙasa. Ki sassauta, ki juya filayar yadda bakin ƙasa zai shiga cikin kewayen, ki ƙarasa zagayen har wutsiyar ta gitta wuyan. A nan ki tsaya ki duba: idon yana zaune daidai tsakiyar kan dutsen, ko ya karkata gefe kamar alamar tambaya? In ya karkata, yanzu ne lokacin gyara shi. In sarƙa za ki haɗa, yanzu ne kuma za ki zura ƙarshenta cikin idon, kafin naɗi. Kusan kowa sai ya manta wannan sau da yawa, ya naɗe tsaf sannan ya tuna sarƙar na ajiye a gefe. Daga nan ki damƙe idon a kwance da filaya mai siririn baki, ki naɗe wutsiyar a wuyan sau biyu ko uku, daga sama zuwa ƙasa, kowane zagaye manne da na samansa, ba hawa kan juna, ba tazara. Ki yanke saura da shafaffen gefen abin yanka yana kallon aikin, ki danne ɗan bakin da ya rage har sai kin shafa da yatsa ba ki ji tsini ba.

Ki sayi wayar jan ƙarfe mai araha ki yi wannan sau talatin kafin ki taɓa azurfa. Ki jera su a kan farar takarda bi da bi, za ki ga da idonki inda hannunki ya fara faɗawa. Wata 'yar dabara: bakin filaya mai zagaye daga siriri yake tafiya zuwa kauri, don haka in ba wuri ɗaya kike kamawa ba, idanun za su fito manya da ƙanana. Ki ɗiga alama da biro mara gogewa a inda kika zaɓa, kullum ki kama a nan.

Zoben haɗi, ɗan ƙaramin zoben nan mai tsaga da ake haɗa maɓalli da sarƙa da shi, shi ne inda yawancin sarƙoƙi ke ɓacewa. Ba a buɗe shi ta ja gefe da gefe, in kika yi haka zagayensa ya lalace, ba zai koma daidai ba. Kama shi ake yi da filaya biyu, tsagar na sama, a murɗa hannu ɗaya zuwa gaba, ɗaya zuwa baya. Wajen rufewa ki wuce daidai kaɗan ki dawo, kina ɗan matso bakunan, har ki ji sun goge juna. Ki ɗaga shi ga haske. In haske ya ratsa tsagar, siririyar sarƙa ma za ta ratsa. Ni a sarƙoƙi masu siranta sosai na daina amfani da zobe mai tsaga, naɗaɗɗen ido nake yi har wajen haɗa maɓalli, da ɗan ƙaramin dutse a tsakani, ya zama ado a bayan wuya kuma ba abin da zai buɗe.

Samfurin farko da zan ba ki shi ne sarƙa mai dutse ɗaya. Ki yanke siririyar sarƙa gida biyu daidai, ki zura dutse mai milimita huɗu zuwa shida a waya mai tsawon santimita shida, ki yi naɗaɗɗen ido a kowane gefe kina maƙala rabin sarƙar. Dutsen zai zauna a tsakiya ba ya yawo. Santimita 40 tana zama a gindin wuya, 45 tana sauka kan ƙashin da ke ƙasan wuya, kuma ita ce ta fi dacewa da yawancin mata, 50 ta ɗan gangaro. Tunda ba za ki auna wuyan mutum ba alhali kina son kyautar ta zo masa ba zato, ki yi 42 ki ƙara 'yar sarƙar ƙari mai manyan idanu ta santimita 5 a baya. Lokacin awo ki tuna maɓalli da dutsen ma suna cin tsawo. Kafin ki sayi sarƙa da yawa, ki gwada ko wayarki na shiga idonta na ƙarshe, don akwai masu sirantar da ko geji 26 da ƙyar yake ratsawa. Don a sami rabi biyu daidai, ki rataye su tare a kan allura su sauko, ki yanke a inda suka yi kai ɗaya, ya fi awo da tef a kwance.

'Yan kunne kuwa, dutse guda a naɗaɗɗen ido, a rataye a ƙugiya, ya wadatar. In kina son ɗan motsi, ki sa santimita biyu ko uku na sarƙa tsakanin ƙugiya da dutsen. Ki riƙa yin biyun tare, mataki ɗaya a wannan, mataki ɗaya a wancan, kada ki gama ɗaya sannan ki fara ɗayan, in ba haka ba sai ɗaya ya fi ɗaya tsawo. In ke kika lanƙwasa ƙugiyar da kanki, sai kin goge bakin da zai shiga kunne da magagari har ya yi sumul, ki gwada a bayan hannunki.

Game da duwatsu, ga inda raina ya fi karkata. Ƙananan tsakiyoyin gilashi lambarsu ma a juye take: 8/0 kusan milimita 3, 11/0 kusan 2, 15/0 kusan 1.5. Na Japan, irin na kamfanonin Miyuki da Toho, girmansu ɗaya ne kamar an tace, hujinsu kuma a buɗe. Na ƙasar Cek sun ɗan fi zagaye, suna da ɗan bambanci tsakaninsu wanda wasu ke so. Marasa suna da ake sayarwa a buhu, wani dogo wani gajere, a siririn layi guda nan da nan za su tona kansu. Duwatsun ƙasa irin su ganet mai ja, ametis mai ruwan shunayya da aƙiƙ suna da kyau ko da ƙanana ne, kuma suna da tauri, kusan 7 a ma'aunin Mohs mai hawa 10, don haka suna jure yau da gobe. Sai dai ametis yana kodewa in ya daɗe a rana. Ki kuma yi hattara da rini: akwai wani farin dutse mai jijiyoyi da ake rinawa shuɗi a sayar da shi da sunan dutse mai tsada, kuma aƙiƙ mai launi mai ƙarfi sosai galibi rinanne ne. Rini ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya, laifin shi ne ya zuba a farar riga. Ki jiƙa auduga ki goga, musamman bakin huji, in ta ɗauki launi ki ajiye shi.

Lu'ulu'un da ake samu cikin kawa, musamman na ruwan daɗi wanda yawancinsa daga Sin yake fitowa, shi ne sarkin siririn ado a wurina. Ƙwaya ɗaya a kan sarƙar azurfa ta gama magana, kuma ta dace da yarinya ta dace da dattijuwa. Na gaske in kika goga biyu a hankali za ki ji ɗan gurzo, na roba ko gilashi sulɓi yake yi. Hujinsa ƙarami ne, shi ya sa geji 24 ko 26 ne ke shiga. Amma yana da laushi, tsakanin 2.5 da 4.5 a wancan ma'aunin, kuma turare da duk wani abu mai tsami suna cin ƙyallinsa. Bakin filaya ma na iya ɓantare shi, don haka wajen naɗi na ƙarshe ki sassauta hannu, kada ki matse shi. In jere za ki yi, a zaren siliki ake zura shi da ƙulli tsakanin kowace ƙwaya, don kada su goge juna, kuma in zaren ya tsinke ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. Wannan aikin yana son lokaci, ban ba ki shawarar ki haɗa shi da na bana ba.

Mu koma kan abin da kika zura a zaren roba ya tsinke. Ba laifin hannunki ba ne kaɗai, akwai dalilai sanannu. Wataƙila zaren ya yi siriri ga nauyin duwatsun, don mai milimita 0.5 na ƙananan tsakiya ne, masu ɗan nauyi suna son 0.7 ko 0.8. Wataƙila bakin hujin wani dutse na da kaifi ya yi ta yankar zaren. Wataƙila kuma ƙulli ne: ƙullin da aka saba ba ya zama a roba, zamewa yake yi, sai an zagaya sau biyu kafin a ja, a ja ta kowane ɓangare, sannan a ɗiga gam na kayan ado a ɓoye ƙullin cikin hujin dutse. Gam mai kamawa nan take yana busar da roba ya sa ta karye. Kuma kafin zuri ana jan zaren sau da yawa ya gama miƙewarsa. Ko da an yi duk wannan, roba na tsufa, shi ya sa ban cika son ta a kyauta ba.

Abin da ya fi ta shi ne wayar zuri, wadda siraran zaruruwan ƙarfe ne aka murɗe aka lulluɓe da leda. Akwai mai zare 7, mai 19 da mai 49, kuma mai 49 ta fi laushi, tana kwanciya a jiki kamar zare, ba ta saurin tanƙwarewa. Da ɗan bututun matsi mai milimita 2 ake rufe ta: ki zura wayar cikin bututun, ta ratsa maɓalli, ta dawo cikin bututun, ki tabbatar wayoyin biyu suna kwance gefe da gefe ba su gitta juna ba, sannan ki matse. Kafin ki matse na ƙarshe, ki naɗe abin ya yi zagaye kamar yana hannu. In a miƙe kika rufe shi, da an lanƙwasa zai sandare, duwatsun su matsu, wayar ta ji jiki.

Awon abin hannu ya fi na wuya wahalar kintace. Na yawancin mata tsakanin santimita 17 da 18 yake, wato kewayen wuyan hannu a ƙara masa kamar santimita ɗaya da rabi. In ba ki da tabbas, ki sa sarƙar ƙari, ko ki yi shi a siririyar igiya mai ƙulli mai zamewa. Ki kuma yi tunanin hannun da zai ɓalle shi. Ƙaramin maɓalli mai zagaye yana da kyan gani, amma dattijuwa mai ciwon gaɓoɓi ko mai dogon farce za ta sha wuya da shi, mai kama da hannun ƙaguwa ya fi sauƙin kamawa. Na maganaɗisu ya fi kowane sauƙi, sai dai kada a ba mai na'urar daidaita bugun zuciya, kuma kada ya shiga hannun ƙananan yara, don haɗiye maganaɗisu haɗari ne babba ga hanji. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku ma kada ki yi masa komai mai ƙananan duwatsu ko abin rataya a wuya.

Duk abin da kika gama, ki gwada shi kafin ya shiga kwali. Ki ja kowane haɗi da ɗan ƙarfi, gara ya buɗe a gabanki. Ki ja shi a kan auduga ko saƙaƙƙiyar tufa, duk inda ya kama zare akwai tsinin da ya rage. Na farko a kowane samfuri ki sa shi a jikinki yini guda kina harkokinki, a nan za ki gane ko dutsen na juyewa, ko maɓalli na zagayowa gaba, ko sarƙar na cin gashi.

Tunda za ki gama wasu tun saura makonni, ki san cewa azurfa na yin baƙi idan ta haɗu da farar wutar da ke cikin iska. Ba lalacewa ba ce, ƙyallen goge azurfa na cire shi, amma ba daɗi a buɗe kyauta a tarar da ita a dishe. Ki goge kowanne, ki sa a 'yar leda mai zuge, ki matse iskar. Kada ki ɗaure da robar ɗaure kaya, tana da farar wuta a jikinta kuma tana barin baƙin layi. Siririyar sarƙa kuma in aka jefa ta haka cikin jaka sai ta cukurkuɗe. Ki yanka kati mai ɗan kauri, ki tsaga shi kaɗan a kusurwoyin sama biyu, ki maƙala sarƙar dutsen na tsakiya, ragowar ki naɗe a baya ki manne. 'Yan kunne huji biyu a katin ya isa. A bayan katin ki rubuta da hannunki irin ƙarfen da sunan dutsen, da cewa a sa shi bayan an gama shafa mai da turare, a cire kafin wanka da barci. Ki ƙara layi ɗaya cewa in ya tsinke a dawo miki da shi ki gyara, don mutane na jin nauyin faɗa.

Ga yadda zan raba satin shida in ni ce ke. Na farko na jan ƙarfe ne da naɗaɗɗen ido, a cikinsa kuma ki yi odar azurfa da duwatsu don su iso da wuri, ki ƙara kamar kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da kika lissafa saboda ɓarna. Na biyu ki yi samfuri ɗaya na kowanne ki sa a jiki. Na uku zuwa na biyar ki haɗa sauran, biyu ko uku a zama ɗaya, da rana kusa da taga, a kan tire da aka shimfiɗa wa ƙyalle don kada duwatsu su gangare. Da kin ji ido ya fara gajiya ki tashi, don haɗin da aka yi da gajiya shi ne ke karkacewa. Na shida ki bar shi na guga da kati da gyaran waɗanda ba su gamsar da ke ba. Ki kuma haɗa biyu na ƙari a launin da ke shiga da komai, fari ko ruwan toka, don da wuya a rasa wadda za ta faɗo miki a rai ana saura kwana ɗaya.